Sunayen da Aka Goge Bayan Hamma

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Buba, wanda muke kira Hamma. An harbe shi a hanyar Maiha, ranar da aka kai wa Mubi hari, mutane suka watse da ƙafa. Har yau ba mu san inda aka binne shi ba, kuma har yau kuka bai zo mini ba.

Shagon kwamfuta gare shi a bakin kasuwa. Ya taɓa samo wata manhaja a intanet, irin wadda mai ita ke sakar wa duniya kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara, muddin zai bar sunan wanda ya fara. Ta masu kemis ce, tana nuna maganin da wa'adinsa ya kusa cika. Hamma ya mayar da ita Hausa, ya sa tana aiki ko babu sabis. A shafin farko ya bar sunan matar da ta ƙirƙiro ta, wata baƙuwa da bai taɓa gani ba, nasa kuma a ƙasa.

Na ce, "Hamma, kai ka sha wahalar nan. Wa zai sani in ka cire nata?"

Ya ce, "Aisatu, mai yasar rijiya ba shi ya haƙa ta ba."

Bana na shiga wani kemis a Mayo Bani neman maganin tari, sai ga aikinsa a kwamfutar mai shagon. Na gane shi da Hausarmu ta Mubi, inda ya rubuta "kwalba ya ƙare". Sunayen biyu duk an goge, an sa na wani kamfani. Mai shagon ya ce wurin wani mutum ya saya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ɗauki maganina na fito. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba.

Da Hamma na raye, na san ba nasa zai fara nema ba, na matar zai ce a mayar.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wataƙila. Aikin dai yana nan, yana hana a sayar wa mutane lalataccen magani. Na so in koma in sa a rubuta sunayen ko a jikin kwali ne. Amma kwamfutar Hamma ta ƙone tare da shagonsa a lokacin harin, ni kuma sunan matar ya ɓace mini. Nasa kaɗai na riƙe, kuma ba zai yarda a rubuta shi shi kaɗai ba.