Kawu Bulus da Kifin da Ake Kira Kaf

Ku da kuka san Kawu Bulus kun san ba ya sakin tarwada sai ya yi mata faɗa. Zai cire ƙugiya daga bakinta, ya dube ta ido cikin ido, ya ce, "Ke ce dai? Wa ya kira ki?" Sannan ya mayar da ita ruwa. Ni na sha wahalar abin, domin ni ke ɗauko shi a mota daga Jikwoyi zuwa tafkin kiwon kifi na Karshi duk Asabar, shekara uku cur.

Asalin fitinar, tsohon ogansa ne a ma'aikata ya taɓa ba shi labarin wani kifin Turai mai manyan ɓawo, wai shi kaf. Ranar da muka fara zuwa tafkin, Kawu ya tambayi manaja, Oga Sande, irin kifin da suka zuba.

"Tarwada ne, Baba, kaf."

Kawu ya matse hannuna. "Ka ji? Tarwada da kaf."

Shi ke nan, ya rantse sai ya kama shi kafin ya mutu. Ya ƙirƙiro abincin kifi nasa, tuwon masara da daddawa, ya ajiye a firijina wai nasa ba ya sanyi. Har kunun ayar matata ya koma warin daddawa. Da ta yi magana ya ce, "'Yata, kifin Turai ne, sai an lallaɓa shi."

Wata rana wani Bafulatani mai shayar da shanu ya tsaya yana kallo, ya ce, "Baba, ka sayar mini da wadda ka kama mana." Kawu ya ce, "Wannan ta zo ne ba gayyata." Ya sake ta a gabansa.

A shekara ta uku na gaji, na tare Oga Sande na tambaye shi ina kaf ɗin da ya ce sun zuba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Oga, ai na ce kaf tarwada ne. Duka! Babu wani kifi." Wato yana kallonmu duk Asabar a cikin rana, bai taɓa buɗe baki ba. Raina ya ɓaci, har yau ban daina jin haushinsa ba.

Na koma wurin Kawu a fusace na zayyana masa. Bai ko ɗaga ido daga ruwan ba.

"Na sani tun watan farko," ya ce. "Kunnena ƙalau."

"To me muke yi a nan?"

"Tun da goggonka ta rasu, wa ke zuwa gidana in ba ran Asabar ba?"

Na zauna na karɓi kwanon tuwon na fara mulmula masa. Asabar takwas muka ƙara.

Allah ya ba ka hutawa, Kawu. Allah ya sa inda kake kullum da mai zuwa.