Gajerar waya mai jar riga

A shekarun farko bayan soja sun sauka, 'yata ta biyu ta samu aikin gwaji a ofishin wani Alhaji mai dillancin atamfa a Kakuri. An ce mata in ta iya haɗa na'urori biyu masu tsaron kwamfutocin ofis a ɗauke ta, in ba ta iya ba akwai masu jira.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma ba ta taɓa raina tambayata ba. Ina tsinar shinkafa a tsakar gidanmu na Makera take yi mini bayani.

"Mama, masu gadi ne biyu a ƙofa ɗaya. Kowanne da adireshinsa, sai kuma adireshi guda da suke tarayya, wanda duniya ta sani. Kowanne da wayarsa ta waje da ta ciki. Sannan akwai wata gajera tsakaninsu su kaɗai, ta nan suke tambayar juna, kana nan?"

"Kamar ni da Madam ke nan," na ce. Madam maƙwabciyata ce, Ibo, matar makanike. Kullum da safe sai ta ƙwanƙwasa bango na amsa.

"To in bangon ya yi shiru fa, Mama? Kowanne sai ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu, ya ce ƙofa tasa ce."

Haka kuwa aka yi. Masinjan ofis ya ga gajerar wayar ba ta zuwa ko'ina, ya zare ta ya kai wa firinta. Na'urorin suka kama kokawa kan adireshi guda, aiki ya tsaya cik. 'Yata ta mayar, ta manna takardar gargaɗi kar a taɓa, washegari mai shara ya sake zarewa. Alhaji ya ce saura dama ɗaya.

Ta dawo gida ido jawur da wayar a hannu, ta ba ni labari, ko abinci ba ta taɓa ba. Madam ta leƙo ta katanga.

"Kai, wannan yarinya! Mutanen nan ba sa tsoron takarda. Wetin dem dey fear? Me suke tsoro?"

Muka dubi juna ni da Madam, muka fashe da dariya. Na ɗauko jan zaren saƙa na naɗe wayar tsaf, Madam ta ɗaura ƙwayar wuri guda, irin kuɗin da, a tsakiya.

"Mama, laya kuka yi mini? Ni da na yi boko!"

"Riga ce kawai, 'yar nan. Abin da suka ɗauka, ruwansu."

Ranar gwaji Alhaji da kansa ya kashe na'ura ɗaya, ɗayar ta karɓi ƙofa, ba wanda ya ma lura. Aka ɗauki 'yata aiki.

Ta ce har ta bar ofishin, mai shara in ya iso wurin sai ya yi bisimilla, ya kewaye da tsintsiyarsa.