Dalbejiyar da Na Sa Aka Sare

An cuce ni, kuma da bakina na ba da izinin cutar.

Maigidana yana da ciwon suga, allurarsa kuma ba ta son zafi. Da wutar gari ta koma sai ta ga dama, 'yarmu ta turo mai haɗa sola ya kafa mana faranti huɗu a kan kwano da batir biyu, don firji ya riƙe maganin. Ya hau, ya sauko, ya nuna dalbejiyar da ta lulluɓe ɗakinmu a Bulumkutu.

"Mama, ko bishiya ko wuta. Inuwar nan tana tare rana."

"Ranar Maiduguri ce za ta yi maka kaɗan?"

"Ni dai na faɗa."

Maigidan yana kan tabarma ya ce, "Ta girmi aurenmu, ki ƙyale ta."

Na ce, "Malam, inuwa za ka tsira a cinya?" Na kira masu gatari. Kwana biyu suka gama da ita.

Wata uku firjin yana gurnani ina taƙama. Sai bazara ta shigo. Ɗakin ya koma tanda, bango ba ya taɓuwa bayan azahar. Batiran suna lungu ƙarƙashin kwano, suka kumbura kamar ƙosai a mai. Na tsuguna ina bin rubutun jikinsu da yatsa, ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Turanci ne, amma na haɗa shi baƙi-baƙi: a ajiye a wuri mai sanyi. Tun ranar farko yana nan, ban duƙa ba.

Mai solar ya dawo, ya taɓa batir, ya janye hannu.

"Zafi ne, Mama. Gidan naku ba inuwa."

Kallonsa kawai na yi har ya nemi takalminsa.

Firji ya mutu. Kwalbar allurar da aka fara amfani da ita ta lalace, Malam ya koma shan ruwa buta-buta, yana ramewa. Bai taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba, da ma ya faɗa in samu abokin faɗa. Ko a ranar na dasa wata dalbejiyar, na san ba shi zai zauna a ƙarƙashinta ba.

Washegari na naɗe sauran kwalaben a jiƙaƙƙen zane, na tari keke napep zuwa Moduganari, gidan ƙanwarsa da muka yi shekaru ba ma gaisawa, in roƙi gurbi a firjinta.