Tjalling da Iskar Gabas

Shekara arba'in da uku Tjalling Roos yana ba da hayar kekuna a bakin tashar jirgin ruwa ta tsibirin Terschelling. Duk baƙon da ya sauka hutu ya karɓi keke a hannunsa, sai ya ji magana ɗaya: ka fita kana fuskantar iska, ka dawo tana tura ka ta baya. Haka mutanen tsibirin suke hawan keke tun kakanni. Wanda ya yi akasin haka yakan dawo da yamma yana jan keken da hannu.

Bayan wannan gargaɗi sai ya buɗe taswira ya ɗora yatsa a kan ƙarshen tsibirin ta gabas, tafiyar kilomita kusan talatin. Yakan ce can hanya take ƙarewa, sai a gangara bakin teku a bi rairayin da ya yi tauri idan ruwa ya janye. Yakan ba da labarin karnukan teku, dabbobin nan masu santsin jiki da gashin baki, da ke kwanciya a rana garke guda. Dubban mutane sun je da kwatancensa sun dawo suna godiya.

Shi kansa bai taɓa zuwa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iskar tsibirin kusan kullum daga yamma take busowa, wanda ya nufi gabas kuwa da ita a fuska zai dawo. Tjalling ba ya karya dokar da yake koya wa wasu, don haka yake jiran iskar gabas. Ita kuma idan ta zo da rani, da sararin sama tas take zuwa, ranar ce layin masu neman keke yake kaiwa bakin titi. Haka shekaru suka wuce.

A watan Mayun bana likitan ido ya gaya masa gaskiya. Tsakiyar ganinsa tana mutuwa, gefe kawai ya rage, kuma kafin hunturu ko fuskar matarsa ba lallai ya gane ba. Tun lokacin da laluben yatsu yake yin facin taya.

Ranar Asabar ta biyu a watan Agusta, matarsa Aukje ta leƙa waje da sassafe ta ga tutar tasha tana kaɗawa zuwa yamma. Ta fito da wani keke mai sirdi biyu daga bayan shago.

"Tashi, tsoho. Iskarka ta zo."

"Yau Asabar fa. Jirgin da ke isowa ƙarfe goma cike zai zo."

"To ya zo. Kai za su hau?"

"Kekuna ɗari biyu, Aukje. Wa zai ba su?"

"Hannu gare su. Hau baya, kuma kada ka taɓa min birki."

Ya jera kekunan a waje da mukullansu a jiki, ya rubuta da manyan haruffa cewa kowa ya ɗauki daidai tsawonsa, ya fara da fuskantar iska. Ita tana da shekara sittin da tara, shi saba'in da biyu. Suka kama hanya da ƙarfe takwas.

Awa uku suka yi suna turjiya da iska. Suka wuce ƙauyuka da dajin da ke tsakiyar tsibirin, suka ci burodi da cuku a gindin wani tudun rairayi. Daga sirdin baya Tjalling yake faɗin kowace kwana kafin su iso ta, bai kuskure ko ɗaya ba.

"Kai da ba ka taɓa zuwa ba," in ji Aukje tana haki, "sai surutu. Taka feda!"

"Ina takawa. Ke ce kika yi nauyi."

"Zan sauke ka a nan tsuntsaye su yi maka jagora."

Inda hanya ta ƙare suka gangara bakin teku. Ruwa ya janye nesa, rairayin ya yi tauri kamar daɓe, faɗinsa ya fi ƙarfin ido. Babu gida, babu itace, babu mutum. Sama ta sauko ta kwanta a kan jiƙaƙƙen yashi, har Aukje ta ce ji ta yi kamar a kan gajimare suke tafiya.

A ƙarshen tsibirin ta tsayar da keken. Can tsallaken wata 'yar mashigar ruwa, karnukan tekun suna kwance, sun fi sittin.

"Ga su nan gabanka," ta ce a hankali.

Ya zuba ido. Duhun nan na tsakiyar ganinsa ya rufe su gaba ɗaya.

"Ba na ganin komai."

Ta kama haɓarsa ta juyar da fuskarsa gefe, wajen teku. Ya tsaya a haka, kamar mai fushi da su. Ta wutsiyar ido ya ga wasu duwatsu baƙaƙe a jere. Sai dutse ɗaya ya ɗaga kai da jela lokaci guda, ya lanƙwashe kamar ayaba. Wani ya ja ciki ya silale cikin ruwa. Iska ta kawo kukansu, mai kama da na mutum.

"Ashe suna da girma haka," ya ce. "Shekara arba'in ina ce wa mutane kamar tumaki suke."

Sun fi awa guda a wurin, yana tsaye da wuya a karkace, har ruwa ya fara dawowa ya taɓa tayar gaba.

Da suka juya, iska ta ɗauke su. Aukje ta ce da ƙyar suka taka feda sau ɗari har gida. Suka tarar kekuna ɗari da casa'in da takwas sun fita, biyu sun rage, waɗanda tayoyinsu suka sace.

Tjalling yana nan a shagon, yanzu Aukje ce ke riƙe da taswirar. Gargaɗin iska bai canza ba. Abin da ya ƙara shi ne, idan baƙo ya ce gabas zai nufa, yakan ce masa dabbobin sun fi tumaki girma, ya gani da idonsa.