Naman da na tauna wa Habibu

Bana shekara goma ke nan da rasuwar ɗana Habibu. A unguwarmu ta Kilomita Biyar, in ka ce ɗanka ya rasu lokacin rikici, kowa harsashi zai kawo a ransa. Nawa ɗan kuwa tari ne ya yi ajalinsa.

Gyaran waya yake yi a kasuwa, bai taɓa sa sigari a bakinsa ba. Da tarin ya fara, muka ce hayaƙin shagunan da aka ƙona ne. Fita zuwa asibitin cikin gari kuwa a lokacin sayar da rai ne, sai na yi ta dafa masa citta da zuma. Da ya fara tofar da jini, ƙanena Sani ya sa shi a babbar mota zuwa Kamaru. A can aka ce sankarar huhu ce, irin wadda ba a cika gani ba. A can aka binne shi.

Sani ne ya dawo mini da bayanin likita. Wai sun ga alamar wata ƙwayar cuta a cikin ƙarin da ya fito masa a huhu, wadda ake ɗauka ta yawu, galibi tun ana yara. Wai kusan kowa yana ɗauke da ita, kuma ba ta yi masa komai. Na ce to me ya sa ta zaɓi Habibu? Ya ce, "Yaya, shi likitan ma cewa ya yi ba su gama sani ba."

Ni kuwa da bakina na yaye shi. Nama da gyaɗa, sai na tauna nake sa masa, yadda uwata ta yi mini. Haka na yi wa sauran 'ya'yana, ga su nan lafiya lau. A nan tunanina yake cijewa. Da yana raye, na san dariya zai yi, ya ce Inna kin cika bin diddigi.

Abin da ya rage mana nasa shi ne sunan, wanda ƙanwarsa Rabi ta sa wa ɗanta. Ran Juma'a ta ɗora mini yaron a cinya, ta miƙo tsokar nama, ta ce in tauna masa. Na tauna har ya yi laushi. Yaro ya buɗe baki yana jira. Sai na haɗiye, na ce ta kawo cokali in murƙushe masa wani.

Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce haƙorana ne.