Kwanar Da Baba Yanzu-Yanzu Ya Daina Sha

Tun farkon damina Baba Yanzu-Yanzu ya daina shan kwanar layinsu, kuma ba wanda ya lura. In ya taso daga babban titi, sai ya wuce bakin layin kamar bai san shi ba, ya zagaya ta bayan makaranta, ya ɓullo ta titin da ke kallon layin, ya shigo a miƙe. Masu zama a ƙofar shagon aski sun ɗauka yawonsa ne na kullum. Mutumin da ko abinci a tsaye yake ci, don ya ƙara zagaye ɗaya ai ba abin magana ba ne.

Sunan ma daga nan ya samo shi. Duk wanda ya tare shi da magana, amsar ɗaya ce: "Yanzu-yanzu zan dawo." Gyaran injin ban ruwa ne sana'arsa, a gonakin da ke ƙetaren rafi, cikin wata tsohuwar a-kori-kura fara da ta girmi autarsa. In ba a kira shi ba, da kansa zai je ya ji ko injin wani na tari. Matarsa takan ce ranar da aka cire masa haƙori kaɗai ta taɓa ganinsa a zaune, shi ma ƙafarsa na rawa.

Bara ne babban ɗansa, wanda ke aiki a wani gari, ya ɗauke motar ya kai aka ɗaga ta sama, aka sa mata faffaɗan tayoyi masu manyan haƙora, don kada taɓo ya ƙara riƙe tsohon. Ranar da ya dawo da ita, layin duka ya fito kallo. Yana miƙa makullin ya ce cikin dariya, "Baba, ga ta nan. Amma ranar da jikinka ya fara ƙorafi, makullin nan nawa ne." Kowa ya yi dariya. Uban kaɗai ya san ba wasa yake ba.

Sitiyarin motar irin na da ne, ƙarfin damtse yake so. Da faffaɗan tayoyin suka hau, juya shi a ƙaramar kwana ya koma kamar murɗa bakin rijiya. Kafaɗarsa ta hagu ta fara da ɗan tsami, daga baya ta koma suka, har saka riga sai ya juya wa matarsa baya don kada ta ga fuskarsa. In ya ce tayoyin sun yi nauyi, ya raina kyautar ɗansa. In kuma ya ce kafaɗa ce, makulli ya tafi, a ajiye shi a kujerar ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Shi ya sa yake zagaye.

Da safiyar wata Asabar ya kasa saka hannun rigar gaba ɗaya. Ya fita da ita a rataye, ya nufi wurin mai faci, abokinsa tun suna samari.

"Siraran tayoyin nan da na ce ka nemo min, sun samu?"

"Sun samu," in ji mai faci, yana goge hannu da tsumma. "Amma ka san yadda za ta koma? Mota a sama, ƙafafu kamar tsinke. Zalɓe ke nan sak."

"Zalɓen ai rafi yake shiga. Kafa jak."

"To zauna mana, ga benci."

"Na gode."

Bai zauna ba. Ya kewaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tattara notocin da aka kwance ya jera su a kan bulo, ya sake watsa su. Ya tsallaka titi ya dawo. Duk babur ɗin da ya rage gudu sai ya waiwaya.

"Wai sato motar ka yi ne?" mai faci ya tambaya. "Tsaya wuri ɗaya, kana sa ni jiri."

An gama canza tayoyin gaba, ana kan na baya, wani babur ya tsaya. Babban ɗan ne ya sauko, da jakarsa a kafaɗa. Ya zo hutun ƙarshen mako ba tare da ya faɗa ba, uwarsa ta ce masa ya duba wurin mai faci.

Ya durƙusa ya gaida su. Sannan ya tsaya yana kallon tayoyinsa a jingine da bango, da laka a haƙoransu.

"Baba, lafiya? Fashewa suka yi?"

"A'a. Suna gogar bodi ne in na sha kwana."

"Ai da ka faɗa min. Ɗan yanke ƙarfen wurin za a yi."

"Kuma suna watsa wa mutane taɓo."

"A sa musu roba."

"Kuma suna shan mai."

Mai faci ya sunkuyar da kai yana ɗaure noti kamar ba shi a wurin. Baba Yanzu-Yanzu ya ga yadda yaron ya haɗiye maganarsa, irin haɗiyewar da yake yi tun yana ƙarami in an ƙi cin abin da ya kawo. Abin ya fi kafaɗar ciwo.

Da aka sauke jak, ya ce, "Hau mu je."

Motar ta yi sauƙi kamar an sauke mata kaya. A babban titi ya ji sitiyarin na bin hannunsa. Da suka doshi bakin layin, ƙafarsa ta so wucewa don sabo. Ya taka birki, ya kama sitiyarin da hannun dama kaɗai, ya murɗa. Motar ta sha kwanar sumul. Masu shagon aski suka ɗaga hannu, wani ya yi ihu, "Baba, wa ya cinye mata ƙafafu?"

Ɗan bai yi dariya ba. Hannun hagun uban yake kallo, wanda ke kwance a cinya tun da suka taso, da hannun rigar da ke lilo babu komai a ciki.

"Tun yaushe?" ya tambaya bayan sun tsaya a ƙofar gida.

Baba Yanzu-Yanzu ya kashe injin. Bai zare makullin ba, ya dai rufe shi da tafinsa.

"Tayoyinka ba su da laifi," ya ce. "Na samari ne. Ko sau ɗaya ban maƙale da su ba."

"Baba, tun yaushe?"

"Tun farkon ruwa."

Yaron ya daɗe yana kallon gilashin gaba. Uban yana jin ƙafarsa na rawa a kan birki, ya kasa tsayar da ita.

"Ranar Litinin za mu je asibiti," in ji ɗan. "Babu maganar 'yanzu-yanzu zan dawo'. Mu zauna a layi har a kira mu."

"Wa zai tuƙa?"

"Mai motar mana. Ni ban iya tuƙa zalɓe ba."

Ya ɗauki jakarsa ya shige gida, ana jin uwarsa na tambayar me ya tsayar da su. Baba Yanzu-Yanzu ya zare makullin ya jefa a aljihu, ya dafa aljihun. Sannan ya sauko, ya ɗebo ruwa rabin bokiti, ya tsaya yana wanke gilashin motar da hannu ɗaya.