Rigar Kwamfuta

Kashe-Kunna bai taɓa yin ƙarya da bakinsa ba, kuma yana son a san da haka. Idan ya makara ba ya cewa mota ce ta lalace, sai ya ce, "Hanyar nan sai a hankali," maganar da babu ranar da ba gaskiya ba ce. Idan matarsa ta tambaye shi ko ya biya ya duba yayanta da ke kwance, sai ya ce ai jiki da jini sai haƙuri, ya wuce ya bar ta ta ƙarasa sauran da kanta. A ganinsa wanda aka yaudara ta wannan hanya shi ya yaudari kansa.

Masinja ne tun asali, a ofishin da ke ba da izinin buɗe shago. Ya yi shekaru yana hawa da sauka da fayil a hammata, ba shi da wurin zama sai bencin bakin ƙofa, shi ma tare da masu jira suke matse juna a kai. Sai aka kawo kwamfuta, irin mai babban akwatin nan, aka girke ta a ɗakin da tagarsa ke kallon jama'a, aka ce daga yau babu takardar izinin da za ta fita sai ta cikinta. Ba a daɗe ba ta nuna halinta. Ana tsakiyar aiki allo ya koma shuɗi, farin rubutu ya cika shi, komai ya tsaya cak. Mai buga takardu ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Darakta ya fito ya tsaya a kan kwamfutar yana karanta rubutun da murya mai nauyi, ko za ta ji kunyarsa. Masinja, da ya shigo da shayi, ya tuna abin da yake yi wa rediyonsa a gida. Ya danne maɓalli har ta mutu, ya ɗan jira, ya sake dannawa. Ta tashi garau.

Daga ranar sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ya ɓace, ya koma Kashe-Kunna. Aka ba shi kujera mai taya, da makullin ɗakin, da muƙamin jami'in kula da na'ura. Ya sayi sukurdireba ya soke a aljihun gaba, inda wasu ke soke biro. Surukinsa, wanda a da ba ya ɗago kai in ya gaishe shi, ya koma kiransa Injiniya, har yana matsa masa wuri a kan tabarma.

Masifar da ta same shi ita ce lafiya. Wani daga hedkwata ya zo ya sabunta manhajar, kwamfuta ta daina faɗuwa. Kashe-Kunna ya zauna yana juya kujera hagu da dama, babu mai kiransa. Da farko ba a ce komai ba. Can sai mai buga takardu ta fara cewa, tunda dai yana zaune, ko zai miƙa mata wannan fayil sama. Ranar da Darakta ya miƙa masa kofin da ya gama shan shayi ba tare da ya dubi fuskarsa ba, ya ji ƙamshin benci.

A cikin kwanakin nan ne ya sa matarsa, wadda tela ce, ta ɗinka wa kwamfutar riga. Adalci ya sa a faɗi cewa ranar farko niyyarsa kare ta daga ƙura ce, ko kuma son a ga yana yin wani abu, wanda ba laifi ba ne a wurin ma'aikaci. Ta ɗinko ta da karammiski ja, ta sa soso a ciki, ta kewaye ta da zif, ta rufe har ramukan da fanka ke numfashi ta baya. Darakta ya yaba, ya ce yanzu ne na'urar ta yi kama da kayan gwamnati, a bar mata kayanta a jiki. Kafin rana ta take, allo ya yi shuɗi.

Kashe-Kunna ya durƙusa zai danna maɓalli, hannunsa ya shiga ƙarƙashin rigar. Ƙarfen ya yi zafi kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Ya bar hannun a wurin ɗan lokaci, ya gane duk abin da ya kamata a gane. Sannan ya zare shi, ya kashe, ya kunna, ya gyara wa rigar zama. Babu wanda ya tambaye shi dalili, shiru kuwa ba ƙarya ba ne.

Da tafiya ta yi tafiya ya ƙware a zif kamar yadda mai goge ke ƙwarewa a tsirkiya. In ya ja shi har ƙarshe, za ta faɗi kafin a tafi cin abincin rana. In ya tsaya a rabi, za ta kai yamma tana nishi. Ofis kuma ya gano cewa shuɗin allo rahama ne. Babu wanda ya taɓa roƙonsa komai. Darakta dai kan leƙo da safe ya ce, "Injiniya, yaya jikin mutuniyar yau? Ina da taro da rana." Shi kuma ya ce sai dai addu'a, ranka ya daɗe, ya sunkuya yana kakkaɓe rigar. In lokaci ya yi, sai ya tashi ya je taga, ya dubi layin masu aski da masu sayar da kayan miya da masu walda, ya sanar da su da zuciya fara tas cewa na'ura ta faɗi, a dawo gobe. In wani ya tambayi me ke damunta, sai ya ce wasu na cewa bairas ne, cutar nan ta kwamfuta. Gaskiya ne, wasu na cewa haka.

Koke ya yi yawa har ya isa hedkwata, aka turo injiniya, wata budurwa mai jakar goyo wadda ba ta da yawan magana. Ta tuɓe wa kwamfutar riga don ta samu hanyar aiki, ta ajiye a gefe. Ta tambayi mai buga takardu lokacin da abin ya fi faruwa da abin da take yi in ya faru. Ta buɗe inda na'urar ke ajiye tarihin kurakuranta ta bi shi layi-layi. Ta zare sandunan ƙwaƙwalwa ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, ta binciki ma'ajiyar bayanai, ta nemi bairas ba ta samu ba. Ta ɗora mata aiki mai nauyi yini guda, kwamfuta ko tari ba ta yi ba. Kashe-Kunna na tsaye a bayanta da sukurdireba, yana gyaɗa kai a duk inda ya ga ya dace.

Washegari ta iso ta tarar ya mayar da rigar, don Darakta na da taro. Ba ta tuɓe ba. Ta buɗe wata manhaja mai nuna zafin cikin na'ura, ta zauna tana kallon lamba na hawa. Ta miƙa hannu ta zuge zif, lamba ta fara sauka. Ta mayar, lamba ta hau. Ta shafa daidai rabin zif ɗin, inda haƙoransa suka goge suna ƙyalli saboda yawan tsayawa a wurin.

"Baba, wa ya ɗinka wannan?"

"Iyalina."

"Ta iya ɗinki." Ta dube shi. "Ka taɓa lura cewa zafi ne ke kayar da ita?"

"'Yata," in ji shi, "ilimi kogi ne."

Ba ta ja maganar ba. Ta hure ƙurar fanka, ta ninke rigar da kyau ta miƙa masa da hannu biyu. Ga Darakta kuwa ta ce na'urar lafiyarta ƙalau, iska kawai take so, kuma ta haɗa ta da hedkwata, daga can za a riƙa ganin zafinta. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta ƙara da cewa irin wannan na'ura ba ta bukatar mai gadi, ta faɗi haka ne cikin sauƙi, tana ɗaure igiyar jakarta.

A gida matarsa ta karɓi rigar ta juya ta ciki da waje, ta ce ita dama ta san za a rina. Ta ce shekara nawa tana ɗinki, ai ko jariri aka naɗe haka sai ya suma, kuma da ya dawo mata da ita a ƙara soso ba ta ce uffan ba, don ta ga tun lokacin yake cin abinci da kyau. Ya ce shi bai taɓa ce mata don zafi ba ne. Ta ce ai shi ba ya cewa komai, shi ya sa zama da shi ke da gajiya. Sannan ta tambayi abin da ya dame ta: benci zai koma? Don babanta ya riga ya gaya wa duk wanda ya sani cewa surukinsa injiniya ne, ita kuma ba za ta iya zuwa ta warware masa ba.

Kwamfuta ta yi ta aiki babu tausayi. Layi na tafiya, takardu na fita, Darakta ya kasa ɗaga gindi daga kujera saboda sa hannu. Mai buga takardu ta fara ɗaure wuyan hannu da ƙyalle, tana hararar na'urar kamar wadda ta ci amanarta. Ana haka Darakta ya kira Kashe-Kunna, ya sa ya rufe ƙofa. Ya ce hedkwata na tambaya ko har yanzu ana bukatar jami'in kula da na'ura, shi kuma bai riga ya ba su amsa ba. Sannan ya ɗauki makullin motarsa.

"Ina da taro. Je ka gaya musu ta faɗi."

"Ranka ya daɗe, tana aiki."

"Na ce ka taɓa ta ne? Cewa na yi ka faɗa. Daga taga ba allo suke gani ba, kai suke gani. Shekara da shekaru ba ka taɓa yi musu ƙarya ba, shi ya sa in ka ce ta faɗi ba sa gardama. In ba don wannan ba, me zan rubuta wa hedkwata cewa kana yi?"

Kashe-Kunna ya fito ya nufi taga. A gaban layi akwai wani mai gyaran takalma da ya sha zuwa ana ce masa gobe, yau da ya ji labarin layi na motsi har ya sa riga mai guga. A bayan Kashe-Kunna allo na haske, mai buga takardu na tsakiyar shigar da sunan mutumin. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ya gyara murya, ya sake gwadawa, ya ji harshensa ya yi nauyi kamar ba nasa ba. Ta ƙofar da ke buɗe yana hango benci, an matse a kai, babu ko wurin ɗora fayil.

Ya ɗan ja da baya kamar mai neman iska. Ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin tebur, babban yatsa ya lalubi makunnin soket. Allo ya yi baƙi.

"Ban adana aikin ba," in ji mai buga takardu a hankali, har ta fara neman jakarta.

Ya koma taga, murya ta dawo masa cikakkiya. "Na'ura ta ɗauke. A dawo gobe."

Mai gyaran takalma ya kama ƙarfen tagar. "Injiniya, don Allah, yaushe za ta dawo?"

"Sai an kunna ta," in ji Kashe-Kunna. Ya ja labule, ya koma ya zauna a kujerarsa.